Kishi ne Ya Kashe Dasdimona ko Jahilci? Muhawara a Kan Wasan Otelo

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Littafin da muka yi alkawarin tattaunawa a kansa wannan watan shi ne wasan kwaikwayon Shekisfiya, marubucin Ingila, wanda aka rubuta sunansa Othello a bango, mu kuma za mu riƙa cewa Otelo don sauƙin baki. An rubuta shi wajejen 1603 zuwa 1604, an nuna shi a fadar Sarkin Ingila ranar 1 ga Nuwamba 1604, amma ba a buga shi ba sai a 1622, shekara shida bayan mutuwar marubucin. Ga wanda bai kai ƙarshe ba: Otelo baƙar fata ne, shi ne babban kwamandan sojojin birnin Benis da ke Italiya ta yau, ya auri Dasdimona 'yar wani dattijon majalisa ba da sanin ubanta ba, aka tura shi tsibirin Saifurus ya tare Turkawa, a can kuma mai riƙe masa tuta, Iyago, ya cusa masa cewa matarsa tana neman mataimakinsa Kasiyo, har Otelo ya toshe mata numfashi a kan gadonta.

Kowa yana cewa wasan kishi ne. Ni kuwa ina ganin jahilci ne ya yi kisan, kuma ga hujjata. Kasiyo da Dasdimona ba jirgi ɗaya suka shigo ba, shi ya riga sauka, ita kuma ta iso tare da Iyago da matarsa. A daren da suka sauka aka yi rigimar da ta ci muƙamin Kasiyo, da gari ya waye Iyago ya fara zuba dafinsa, kuma in aka bi sahun al'amuran yadda suke tafiya a dandali, daren ranar aka yi kisan. Kwana ɗaya da rabi ke nan. Amma Otelo ya buɗe baki ya ce matarsa ta aikata abin kunya da Kasiyo sau dubu. Mutumin da yake ƙirga jiragen abokan gaba ya kasa ƙirga kwanakin aurensa. Rashin sani dai, an ce, ya fi dare duhu.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, ka yi mini afuwa, ban yarda ba. Jahilci ba shi da hannun da zai danne matashi a fuskar mace. Wanda bai sani ba, in aka sanar da shi sai ya dawo hanya, shi kuwa Otelo an sanar da shi ya ƙi. Ka koma farkon fitowa ta biyu a kashi na huɗu, inda ya tsare Emiliya matar Iyago da tambayoyi: ko ta taɓa ganinsu suna raɗa, ko sun taɓa aikenta ɗauko wani abu don su keɓe. Ta ce masa ba a taɓa ba, har ta ce ta yarda ta sa ranta a caca a kan tsarkin uwar ɗakinta. Tana fita ya ce ai kawaliya ce, dole ta faɗi haka. Shaida ta zo masa har ɗaki daga bakin wadda ta fi kowa kusanci da matar, ya kore ta saboda ba ita yake son ji ba.

Mu Hausawa muna cewa kishi kumallon mata, kamar su maza ba su san ɗacinsa ba. Shekarun baya a unguwarmu an yi wani magidanci da ya tarar da kwalbar turaren maza a cikin akwatin matarsa. Bai tambaye ta ba, ya kwana uku ba ya cin abincinta, a na huɗu ya miƙa mata takarda. Daga baya ta bayyana cewa ƙanenta ne ya ba ta ajiya, tsarabar da zai kai wa surukinsa. Har yau ina tuna yadda ta fito da kwalbar a gaban dattawa, ko ledar da aka naɗe ta ba a ɓare ba. Wannan mutum ba iliminsa ne ya gaza ba, zuciyarsa ce ta riga ta yanke hukunci.

Baba Audu:
Ni na yi aikin soja kafin in yi ritaya, kuma da idon soja na karanta littafin. Akwai abin da farar hula ba za su gane da sauri ba. Iyago ya ce ya yi yaƙi a gaban idon Otelo a Rodas da Saifurus da wasu wurare, manyan gari uku suka je roƙa masa muƙamin mataimaki, amma aka ɗauko Kasiyo, mutumin Fulorans, wanda a cewarsa lissafi kawai ya iya, bai taɓa jera runduna a fagen fama ba. Duk wanda ya zauna a bariki ya san yadda wannan ciwo yake cin mutum, ya kuma san masu sara wa babba da safe su zage shi da dare. Ban ce ya kai a kashe rai a kansa ba.

Abu na biyu, Otelo da bakinsa ya gaya wa majalisa cewa tun yana ɗan shekara bakwai yake cikin sansanin yaƙi, bai san komai na duniya ba sai faɗa. A wannan rayuwa, in wanda kuka sha wuya tare ya kawo maka rahoto, ba ka tsayawa kafa kwamiti, domin jinkiri shi ne mutuwa. Halin da ya ɗaukaka shi a fage shi ya ɗauko ya shigo da shi ɗakin aure. Saboda haka ina tare da Malam Habibu rabi, ina tare da Hajiya rabi.

Zulaihat:
Ina gaida iyayena da malamaina. Malam, game da lissafin kwanaki, akwai wuraren da suke warware shi. Biyanka, farkar Kasiyo, ta yi masa ƙorafin cewa ya yi kwana bakwai bai leƙo ta ba, Emiliya ta ce mijinta ya roƙe ta sau ɗari ta sace hankicin da Otelo ya ba Dasdimona, wanda Iyago ya mayar hujjar zarginsa, ga kuma Lodobiko da ya iso daga Benis da takardar kiran Otelo gida, alhali tafiyar teku ce mai nisa. Kamar marubucin ya ajiye agogo biyu ne, ɗaya mai gudu domin mai kallo ya ji numfashinsa yana sarƙewa, ɗaya mai jan ƙafa domin zargin ya sami wurin zama. Ke nan mu ma masu kallo an yi mana irin abin da aka yi wa Otelo, an hana mu sararin yin lissafi.

Sannan ba Otelo kaɗai aka yaudara ba. Kasiyo, wanda aka ce masani ne, Iyago ya ɗura masa giya har ya sari Montano, tsohon gwamnan tsibirin, washegari kuma ya koma yana gode masa da shawara. Rodarigo, wani ɗan Benis mai son Dasdimona, ya tattara dukiyarsa ya danƙa masa. Dasdimona kanta, da duniya ta yi mata zafi, Iyago ta kira tana kuka tana tambayarsa yadda za ta shawo kan mijinta. Wani manazarci ɗan Ingila, Wiliyam Emson, ya ƙirga kalmar da ake yabon mutum da gaskiya da riƙon amana a cikin wasan, wato honest, ita da 'yar uwarta honesty, ya samu sau 52, kuma da yawa daga ciki a kan Iyago suka sauka. In jahilci ne, to gari guda ne ya yi shi.

Amma cin amanar da ta fi tsaya mini a rai ta Emiliya ce. Ita ta tsinci hankicin lokacin da ya faɗi, sa'ad da Dasdimona take ƙoƙarin ɗaure wa mijinta kai saboda ya ce kansa yana ciwo. Ta san shi ne kyautar farko da ya ba ta, ta san yadda take sumbatarsa tana yi masa magana, duk da haka ta miƙa wa Iyago don kawai ta faranta masa. Da uwar ɗakinta ta tambaye ta ko ina ta yar da shi, sai ta ce ba ta sani ba. Tana tsaye a wurin Otelo ya yi ta daka tsawa a kan hankicin, ba ta ce uffan ba. Kalma ɗaya daga bakinta a wannan lokaci da ta wadatar.

Malam Nasiru:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina ganin Malam Habibu da Hajiya ba su yi nisa da juna ba kamar yadda suke zato, kalmar ce take da fuska biyu. Mu mun aro jahilci daga Larabci muka taƙaita shi ga rashin karatu, amma a wurin Larabawan farko kishiyar jahalu ba ilimi kaɗai ba ce, har da hilmu, wato haƙuri da danne zuciya lokacin fushi. Shi ya sa Amru ɗan Kulsum, mawaƙin Larabawa kafin Musulunci, a shahararriyar waƙarsa ta mu'allaƙa yake gargaɗin kada wani ya yi musu jahilci, su kuma su mayar da jahilcin da ya fi na jahilai. Ba cewa yake yi za su manta karatu ba, cewa yake yi za su fusata fiye da kowa.

Ku duba aya ta 6 a Suratul Hujurat, inda aka umurci muminai, in fasiƙi ya zo musu da labari, su nemi bayani, kada su cutar da wasu mutane da jahilci su wayi gari suna nadama. Matakan nan huɗu, mai kawo labari, rashin bincike, cutarwa, nadama, su ne ƙashin bayan wasan daga farko har ƙarshe, ko da yake Otelo na cikin littafin Kirista ne, Iyago ma ya ambaci baftismarsa. Jahilcin da ayar take nufi shi ne aikata abu kafin a tabbatar, kuma zafin rai ne yake haifar da shi.

Hankicin kuma ya tuna mini da rigar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sau biyu aka kawo riga a matsayin hujja a kan wani laifi. An kawo ta da jinin ƙarya, mahaifinsa bai karɓa ba, ya ce rayukansu ne suka ƙawata musu wani al'amari. A gidan Azizu kuma mai shaida ya ce a duba ta ina ta yage, gaba ko baya. Wato tufa ba ta magana da kanta, sai an yi mata tambaya. Otelo ya nemi hujjar da ido zai gani, wannan daidai ne, amma da aka ba shi mafarkin da Iyago ya ce Kasiyo ya yi, da hankicin, ɗan ƙyalle mai zanen 'ya'yan itace, a hannun Biyanka, bai tambayi ƙyallen ta wace hanya ya bi ya isa can ba.

Malam Isufu:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni da Faransanci na fara karanta shi, kuma ina so in ja hankalinmu kada mu yi saurin liƙa wa Otelo sunan jahili, domin an daɗe ana liƙa masa shi da wata manufa. Tun a 1693 wani mai sukar adabi, Tomas Raima, ya yi wa wasan ba'a, ya ce darasinsa shi ne 'yan matan manyan gida su guji gudu da baƙar fata ba da yardar iyaye ba, matan aure kuma su kula da kayan wankinsu. Masu irin wannan karatu sun ɗauka cewa baƙin mutum dama haka yake, wayewarsa fenti ce, da an kankare sai dabba ta fito.

Alhali littafin ya nuna inda bangon ya tsage. Baban Dasdimona yana son Otelo, yana gayyatarsa gida yana sauraron labarin yadda aka kama shi aka sayar da shi bawa har ya fanshi kansa, amma ranar da ya zama suruki sai ya ce asiri ya yi wa 'yarsa, don a ganinsa ba yadda za a yi ta so abin da take tsoron kallo. Da zai fita daga majalisa ya jefa masa magana: ta yaudari ubanta, kai ma tana iya yaudararka. Iyago ya tsinci wannan magana ya adana, ya fito da ita a lokacinta, ya haɗa da cewa shi ɗan ƙasa ne, ya san halin matan Benis. Baƙo ba shi da abin da zai mayar da wannan. Jim kaɗan sai ga Otelo shi kaɗai yana cewa wataƙila don shi baƙi ne, ko don bai iya lallausan zance irin na 'yan birni ba, ko don shekaru sun ja. Kafin ya yi shakkar matarsa ya riga ya yi shakkar cewa ya cancanci a so shi. Da ɗan gari a kan ci gari, shi kuwa ɗan garin da ya samu shi ne Iyago.

Wani abin lura a gefe: a 1600 jakadan Sarkin Moroko Ahmad al-Mansur ya yi watanni a Landan, kuma wannan sarki shi ne wanda rundunarsa ta karya Songhai a Tondibi a 1591. A shekarar 1600 ɗin dai aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan a kan Afirka, wanda ya ambaci Agadas da Gobir da Kano da Katsina da Zazzau. Mutanen Landan na lokacin suna da labarin ɓangarenmu na duniya, ko da a gurguje ne. Daga baya marubucin Sudan Ɗayyib Salih, a littafinsa na 1966 a kan hijira zuwa arewa, ya sa gwarzonsa ya ce shi ba Otelo ba ne, Otelo ƙarya ne. Ina ganin da hoton da Turawa suka zana yake faɗa.

Hajiya Rabi:
Malam Isufu, na ji, kuma tausayinsa ya ɗan kama ni, amma baƙunci bai hana shi marin matarsa a gaban baƙin da suka zo daga garinsu ba, har Lodobiko ya ce ko ya rantse ba za a yarda da shi a Benis ba. Malam Nasiru kuma ya raba mu faɗa da kyau, in dai jahilcin da Malam Habibu yake nufi shi ne wannan na zafin kai, na sa hannu.

Sai dai kada mu bar yarinyar ba mu ce komai ba, domin makauniyar soyayya ba a ɓangare ɗaya take ba. Ni uwa ce. Yarinya ta bar gidan ubanta da dare, ta bi miji zuwa sansanin yaƙi inda ba ta da kowa nata, uban kuma baƙin ciki ya kashe shi, kamar yadda ɗan uwansa Giratiyano ya faɗa a ƙarshe. Tana ganin fuskar mijinta ta canza, maimakon ta ja baki, sai ta ci gaba da yi masa nacin a mayar da Kasiyo. Da ya tambayi hankicin ta ce bai ɓata ba, alhali ya ɓata. Har da ranta yake fita, Emiliya ta tambaye ta wa ya yi mata wannan, ta ce ba kowa, ita ce da kanta. So hana ganin laifi ke nan, har bakin kabari.

Zulaihat:
Mama Hajiya, ki gafarce ni, a nan zan ɗan tsaya mata. Nacin da ta yi a kan Kasiyo shi ne babbar shaidar tsarkinta, domin mai abin ɓoyewa ba ta ambaton sunan mutumin sau goma a gaban mijinta. Kasiyo kuma shi ne ɗan aiken da ya riƙa shiga tsakaninsu lokacin neman aure, tana ganin bashi ne a kansu. Batun hankici kuwa, ai sai da ya tsorata ta, ya ce wata matsafiya 'yar Masar ce ta ba uwarsa, kuma rasa shi halaka ce, sannan ta yi musun. A asalin labarin, wanda Cintiyo ɗan Italiya ya buga a 1565, mai tutar son matar yake yi, da bai samu ba ya juya ƙiyayya, shi da mijin kuma suka kashe ta da safa cike da yashi suka rufto rufin ɗaki a kanta don a ce haɗari ne. Shekisfiya ya rage wa Iyago wannan dalili guda mai sauƙin fahimta, ya ba shi dalilai barkatai, yau muƙami, gobe zargin Otelo da matarsa, jibi zargin Kasiyo ma. Ya kuma mayar da kisan aikin Otelo shi kaɗai, da hannunsa, bayan ya sumbace ta tana barci.

Malam Habibu:
Na karɓi gyara, musamman a kan agogo biyu, na kuma gode wa Malam Nasiru da ya ba kalmata faɗin da ban ba ta ba. Shekarun da aka sa littafin nan a jarrabawar WAEC na koyar da shi, kuma ba na manta wata ɗaliba da take zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba. Muna tsakiyar fitowa ta uku a kashi na uku ta ɗaga hannu ta ce, Malam, me ya hana shi ya kira Kasiyo da matar da Iyago ya zaunar da su wuri ɗaya? Ajin ya yi dariya, ni kuwa na rasa amsa, domin ko mai unguwa abin da zai fara yi ke nan. Otelo da kansa ya yi haka a daren rigima, ya tsayar da kowa ya tambayi wanda ya fara. A kan rikicin bariki ya yi bincike a bainar jama'a, a kan matarsa kuwa kunya ta sa ya laɓe yana leƙe, yana kallon Kasiyo yana dariya a kan Biyanka shi kuma yana fassara dariyar da sunan Dasdimona.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne jawabinsa na ƙarshe, inda ya roƙi a ba da labarinsa a matsayin wanda ya yi so ba da hikima ba amma ya yi shi fiye da kima, wanda kuma ba mai saurin kishi ba ne. Mawaƙi T. S. Eliyot ya ce a 1927 mutumin yana lallashin kansa ne kawai. Ko ya gane abin da ya aikata kafin ya soka wa kansa wuƙa?

Baba Audu:
Ya gane ya yi kuskure, amma rahoto yake rubutawa. Ku lura da yadda ya fara, da tuna musu hidimar da ya yi wa ƙasa, ya kuma rufe da labarin wani Baturke da ya kashe a Halab saboda ya zagi Benis. Soja ne yake gyara fayil ɗinsa kafin a rufe. Iyago kuwa ya ce kada a tambaye shi komai, abin da suka sani sun sani, ba zai ƙara furta kalma ba, kuma bai ƙara ba.

Hajiya Rabi:
Na koma na sake karanta jawabin yanzu saboda tambayar Malam. Daga farkonsa har inda ya soki kansa bai ambaci sunan Dasdimona ba, lu'ulu'u ya kira ta, wanda wani ya jefar don bai san darajarsa ba, wato har a lokacin asarar da ya yi yake lissafawa. Wadda ta kira shi jahili a fuskarsa Emiliya ce, yana riƙe da takobi ta ce ba ta tsoronsa, kuma da ta ji an ambaci hankicin ta tona komai, mijinta yana ce mata ta tafi gida ta ce wataƙila ba za ta sake komawa gida ba. Iyago ya soke ta. Ta roƙi a kwantar da ita kusa da uwar ɗakinta, ta mutu tana rera waƙar da ta ji Dasdimona tana yi a daren. A jawabin rufewa Lodobiko ya ba Giratiyano gida da dukiyar Otelo, ya bar wa Kasiyo mulkin tsibirin da hukuncin Iyago, ya ce shi zai hau jirgi ya kai labari Benis. Na duba sau biyu, bai ambaci Emiliya ba.